Jirgin Lonza Mai Baƙin Gashin Baki

Duk wanda ya ce muku Lonza ta gaji teku a jini, ku turo min shi nan in ba shi kujera in gyara masa zance. Ni Dolor, rumfata tana kallon gaɓar nan tun haƙorana suna cike. Leshi nake saƙawa ina sayarwa, da lemo mai sanyi, kuma ƙuda ba ya giftawa ta bakin ruwan nan ban san gidan ubansa ba. To, ni na faɗa muku: Lonza mace ce da in ta daɗe tana kallon ruwan wanke-wanke a baho, sai ta nemi bango ta dafa.

'Yar masu gishiri ce, daga can arewacin tsibirinmu na Gozo. Danginta zama suke yi a kan dutse su jira teku ya kawo musu kansa, rana ta busar, su tara da tsintsiya. Ba mai bin sa ciki. Amma duk tsibirin nan ta rasa wanda za ta aura sai Wistin mai jirgi, mutumin da ko a coci yake tsaye sai ka ga yana lilo kamar ruwa na kaɗa shi. Washegarin aure ya ɗauke ta a babban jirgin fito zuwa Malta, wai yawon amarci. Ba a gama kwance igiya ba amarya ta fara amai. Ta yi a kan sabon takalmin ango, ta yi a kan rigar wani fada da ya matso zai sa musu albarka. Masunta sun ce kifayen mashigin nan sun daɗe ba su kula ƙugiya ba, don sun ƙoshi. Da aka lallaɓo da ita gida, ta ɗaga hannu ta rantse da Santa Mariya, ita da ruwa sai dai a kofi.

Kuma ta riƙe rantsuwar nan har furfura ta cika mata kai. Jirgin mijinta ta waje kawai ta san shi. Duk shekara kafin Ista, in an jawo jirage kan tudu za a yi musu fenti, ita ke zana masa idanu, don shekarar da Wistin ya zana da kansa jirgin ya fito da harara-garke, yara suka riƙa gudunsa. Ita kuma ke shafa gashin baki, faffaɗan fentin nan na goshin jirgi da idanun ke zaune a kai. Na gidansu ja ne tun zamanin kakan Wistin, kuma a gaɓarmu ba a taɓa launin gida sai in mutuwa ta shigo.

Sauran kuwa ta kunne ta san shi. Wistin akwai surutu. Ni da ake cewa ina da magana, a gabansa bebiya ce. Kullum da yamma tana zuba masa miya yana zuba mata teku: inda ake rage wuta a bakin kogo, inda ake jingina hagu har ka ji sanyin dutse a kunnenka, yadda ya nuna wa wasu Jamusawa Dutsen Kada har ɗansu ya ɓuya a ƙarƙashin benci don tsoro. Ta ji Dutsen Kada, ta ji Fuskar Bishop, ta ji Shuɗin Kogo, har ta haddace su kamar addu'ar cin abinci, ba ta taɓa sa ko ɗaya a ido ba.

Aikin gaɓarmu ke nan. Baƙi su zo hutu da 'ya'yansu, a ɗaura wa yaran rigar ruwa, a bi da su ta kogon da ya huda dutse ya fita babban teku, a nuna musu abin da za a nuna, a dawo da su suna ihu. Jirage layi suke bi, kowa da gurbinsa, kuma gurbin nan gado ne. Na Wistin na ubansa ne, na uban na kakansa ne.

Bayan Kirsimeti da kaɗan Wistin ya rasu. A kujerarsa ya rasu, da silifas a ƙafa, yana kallon ƙwallo ana shirin buga fenariti. Har yau ba wanda ya san ko ya ga ta shiga. Ƙaninsa Kelinu, wanda ke kiran layi a gaɓa, ya ɗauki gwangwanin fenti ya mai da gashin bakin jirgin baƙi, yadda ake yi. Haka zai zauna har shekara ta zagayo.

Ba a gama cin biskit ɗin masu gaisuwa ba Kelinu ya sake ɓullowa, hula a hannu. Ina kicin ina taya ta wanke kofuna, kuma kunnena ba ya zuwa hutu.

"Matar Yaya, Allah ya ƙara mana haƙuri."

"Amin. Zauna. Ba a wannan kujerar ba."

"Dama maganar gurbi ce. Kin san doka. Jirgin da bai ɗauki baƙi ba har aka harba wutar bikin Santa Mariya, ya fita daga layi. Kuma ɗan gida ke tuƙawa, ba ɗan haya ba. 'Yarku tana Ostiraliya. To, ga surukina Rodrik ya sayo jirgi, ƙasansa gilashi ne, har da kiɗa. Ai gida bai ƙare ba in shi ya shiga."

"Ni zan tuƙa."

Kelinu ya yi dariya har da dafa bango. "Ke? Matar Yaya, ke da ko a bas sai an buɗe miki taga? Ke da aka ce kin taɓa jiri a kan gadar ƙauye?"

"Ni ɗan gida ce ko ba ɗan gida ba ce?"

"Ke ce gidan ma. Amma teku bai san wannan ba."

"Zai sani. Shanye shayinka, ina son kofin."

Lasisin tuƙa jirgi a Malta ake karatunsa, wato sai ta hau jirgin fiton nan da ta rantse a kansa. Ta hau. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, har ma'aikatan jirgin suka ware mata bokiti da kujera kusa da ƙofa, in sun hango ta tafe su ce, "Ga Uwargida nan, a share hanya!" Tsohuwa cikin baƙaƙen kaya a tsakiyar samari masu tabarau, tana ɗaure igiya tana kwancewa. Ta dawo da takardar a cikin jakarta, fuskarta kore shar, ta rame kamar sandar tsintsiya.

Wata safiya bayan Ista ta tsaya a gaban rumfata.

"Dolor, rufe. Shiga jirgi."

"In je ina, 'yar uwa?"

"Nauyi nake buƙata a gaba."

Ku ji fa. Duk gaɓar nan cike da duwatsu, ni ta zaɓa. Na shiga ina karanta duk waliyyan da na sani, har da waɗanda na ƙirƙira a wurin. Maza suka bar fenti suka jeru suna kallo. Wani ya ce, "Kyaftin Bokiti, a gai da tsibirin Sisili in kun isa!" Wani ya ce, "Dolor, wa kika bar wa rumfar?" Lonza ko kallonsu ba ta yi ba. Ta ja inji, ta saƙale bokiti tsakanin ƙafafunta, ta kama sandar tuƙi da hannu biyu kamar wuyan ɓarawo.

A bakin kogo sai na ji tana magana ƙasa-ƙasa, kuma wallahi maganar Wistin ce tsaf, har da tarinsa. "Rage wuta. Jingina hagu. Bari sai ka ji sanyi a kunne." Duhu ya rufe mu, ruwa yana lasar dutse, ni ina lasar addu'a. Sai ga haske. Mun fita, ko fenti ba mu goge ba.

Ta waiga dama, ta waiga hagu. "Ina Dutsen Kadan?"

Na nuna mata.

"Wannan?"

"Shi ne."

"Dolor, wannan ai burodi ne da aka zauna a kai."

"To, ga Fuskar Bishop can."

Ta daɗe tana kallo. "Ashe duk shekarun nan ƙarya mutumin nan yake shara min ina zuba masa miya." Ta tuntsire da dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya koma bokiti. Da ta ɗago ta goge baki da gefen ɗankwali ta ce, "Gobe ma za mu zo."

Kuma mun zo. Kullum kafin baƙi su sauko sai ta ratsa kogon nan ta dawo. Jirin bai bar ta ba, ita ma ba ta bar shi ba. Abin da ta yi shi ne ta koyi halinsa: in ta lallaɓa, ta kafe ido a can inda sama ta haɗu da ruwa, ta tsotsi lemun tsami, ta tauna busasshen biskit, sai ya ɗaga mata ƙafa har a kusa dawowa.

Zafi ya shigo, baƙi suka cika gaɓa kamar an zazzage su daga buhu. Jirgin Lonza yana gurbinsa fes, an jera rigunan ruwa na yara daga ƙarami zuwa babba. Layi ya zo kanta, Kelinu ya kira, baƙi su matso, sai ka ga sun ja baya sun ce za su jira na gaba. Yau haka, gobe haka.

Ba wani asiri ba ne. Mu a nan ba mai sa ɗansa a jirgin da ke makoki, haka muka tashi muka tarar. To, sai mutanenmu suka ga ai tausayi ne su kare 'ya'yan baƙi ma. Direban tasi ya raɗa wa uba, yarinyar otal ta raɗa wa uwa, shi ma Kelinu in ya kira layi sai ya rage murya ya ce, "Wancan mai baƙin goshin, mai shi ne ya mutu." Ba wanda ya taɓa faɗa da ƙarfi, kuma zancen raɗa kumburi yake yi. Kafin Yuli ya ƙare, Wistin da ya mutu da silifas a ƙafa an mai da shi wanda teku ya haɗiye da jirgi cike da Jamusawa.

Na same ta da rana tsaka tana goge bencin da ba wanda ya zauna a kai.

"Lonza, gwangwanin jan fenti yana ɗakinki. Shafa ɗaya ne, kafin yamma ya bushe."

"Shekara ba ta cika ba."

"Wistin ba zai ji haushi ba. Shi da zai sayar da idanun jirgin ma in an taya."

"Na sani. Ni ce zan ji."

"To gurbin fa? Bikin ya matso."

"Gurbin nawa ne, makokin ma nawa ne. Ba zan ba da ɗaya in karɓi ɗaya ba. Ke, koma rumfarki, ga ƙuda can ya gifta ba ki tambaye shi gidansu ba."

Ranar jajiberin biki ta zo. An lulluɓe coci da jan yadi, ƙararrawa ta hana kowa sakat, masu wutar biki suna can kan tudu suna jera bututunsu, da yamma za su harba ta farko. Rodrik ya ɗaure jirginsa na gilashi daf da na Lonza, ya ƙure kiɗa, yana auna gurbin da ido kamar tela.

Bayan la'asar sai ga wani iyali daga ƙasar Ayalan sun sauko: uba ja wur kamar jatan landen da aka dafa, uwa da jakunkuna, yara maza biyu masu tsalle-tsalle, wata tsohuwa da sanda, da 'yar ƙaramarsu tana jan ƙafa a baya. Mazan suna ta ihun jirgi, jirgi. Ƙaramar kuwa tana ganin ruwa ta zauna daɓas a kan dutse ta ce ko za a yanka ta ba za ta shiga ba. Uwar ta ce yarinyar ta sha wuya a jirgin fito da safe, don haka ba mai shiga, a koma otal. Kuka ya kaure ta ko'ina. Uban yana cewa, "Haba, ruwa kamar faranti! Ni da na ƙetare tekun arewa ina cin ƙwai!"

Lonza ta hango fuskar yarinyar nan, ta gane 'yar uwa. Ta fito daga jirgi ta tsuguna a gabanta, ta miƙa mata ɓarin lemun tsami da biskit.

"Tsotsa. Nan yake fara miki, ko? Sannan ya hau nan?" Ta taɓa cikinta, ta taɓa goshinta.

Yarinya ta gyaɗa kai.

"Ni ma. Kullum. Kin ga bokitin can? Nawa ne. Duk gaɓar nan ba wanda ya kai ni."

"Kuma ke ce mai jirgin?"

"Ni ce."

Yarinya ta leƙa bayan Lonza. "Me ya sa naki gashin bakinsa baƙi ne, na sauran ba baƙi ba?"

Kelinu ya matso yana gyaran murya zai yi raɗarsa. Lonza ta riga shi, kuma da muryar da har masu wuta a kan tudu sai da suka ji.

"Mijina ne ya rasu, 'yata. Ba a ruwa ba, a kujera, yana kallon ƙwallo. Jirgin nan nasa ne. Shi ya sa ya sa baƙi kamar ni. Kewarsa yake yi."

Na ce shi ke nan, ta kore su da bakinta. Uwar ta riƙo hannun yaranta. Sai tsohuwar nan mai sanda, wadda tun da suka zo ba ta ce uffan ba, ta tako har bakin jirgi. Ta daɗe tana kallon baƙin fentin, ta miƙa hannu ta shafa shi.

"Nawa bara ya tafi," ta ce. "Motarsa tana nan a gareji. Ba wanda ya shafa mata komai." Ta juyo wurin ɗanta. "Kai, mai cin ƙwai, kama min hannu."

"Mama, ga mai gilashi can, ana ganin kifi."

"Na ga kifi a faranti jiya. Wannan zan shiga."

Ta shige ta zauna a gaba, a wurin nauyina. Mazan biyu suka yi wuf suka bi ta. Ƙaramar ta dubi Lonza ta ce, "In na ji shi fa?" Lonza ta ce, "Sai mu yi karo-karo da bokitin." Lonza ta juyo wurin Kelinu ta ce, "Ƙanin miji, layin wa ne?"

Ya ce ƙasa-ƙasa, "Naki ne, matar Yaya."

"Ɗaga murya, ƙararrawa ta hana ni ji."

"Na Lonza ne!"

Ta tafi da su a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Jirage biyu suka fita bayanta suka dawo ba ta dawo ba. Rodrik ya kashe kiɗa. Ni kuwa na warware leshin da na saƙa tun safe ban sani ba. Sai can muka ji waƙar yara tana fitowa daga cikin kogo, ga baƙin gashin baki ya leƙo, idanunsa tar a kanmu. Mazan suna rantsuwa sun ga kada, har ya motsa wutsiya. Ashe duk ƙaryar Wistin ta juye musu, ta ƙara da tata. Tsohuwa tana share ido tana dariya. Ƙaramar tana zaune kusa da Lonza, hannunta ɗaya a kan sandar tuƙi, lemun tsami a baki, garau da ita. Bokitin kuwa yana hannun mai ƙetare tekun arewa, ya rungume shi kamar jariri, jan fuskar ya koma kore. Lonza ta jira har ta ɗaure igiya, ta sauke baƙinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce masa, "Ranka ya daɗe, in ka gama ina so."

Ba a jima ba wutar farko ta tashi a kan tudu. Jirgin Lonza yana gurbinsa, bencinsa a jiƙe da sawun yara.

Daga nan iyaye masu ƙananan yara da kakanni masu tsoron ruwa suka fara tambayar jirgin tsohuwa mai lemun tsami. Rodrik, da ya koma wata gaɓa da gilashinsa, ya ji labari ya ɗauka baƙin fentin ne ke jawo su. Ya sayo gwangwani ya shafa wa jirginsa baƙin gashin baki, alhali kowa a gidansu lafiya lau. Matar Kelinu ta gani. An ce da buroshin ta bi shi tun daga bakin ruwa har dandalin coci tana cewa, "Wa ka kashe mana? Ni kake wa fata ko surukinka?" Ni ban gani da idona ba, amma na ga kunnensa baƙi har bayan mako.

Da shekara ta zagayo Lonza ta jawo jirgi kan tudu, ta mai da masa jansa, ta sabunta idanu. Da fentin da ya rage kuwa ta zana wa bokitin nata idanu biyu. Ku zo da sassafe ku gani: shi ke fara shiga jirgi, sannan ita.